Zariyar da Ta Ci Amanata a Labadi

Ina rubuta wannan ne alhali gishirin teku bai gama fita daga kunnena ba, domin jiya-jiyan nan, ranar 6 ga Maris da Gana ke hutun tunawa da samun mulkin kai na 1957, uwargida ta yanke hukuncin a kai yara bakin tekun Labadi, tunda daga gidanmu na Nima tafiyar ba ta kai a yi mata sallar ƙasaru ba. Amma wanda ya ga kayanmu sai ya rantse hijira za mu yi: tabarma, buta, lema, kwanon waakye, fulas ɗin koko, man kaɗanya, famfas 12, da kayan canji uku-uku na jaririya 'yar wata 7 da wanta ɗan shekara 2, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina ya ci. Da ƙunshin ya ƙi ɗauruwa, mai tasi kuwa yana ta danna ham, sai na zare sabuwar zariyar wandona na ɗaure shi tam, na zura wata tsohuwa da na tsinta a ƙasan akwati.

Isarmu ke da wuya iska ta karya lemar, na tuɓe babbar rigata na kafa wa jaririya inuwa, na saura daga ni sai singileti da wando. Ban ankara ba sai na hango Abba a bakin ruwa, famfas ɗinsa ya sha ya kumbura kamar kabewa, yana tafiyar agwagwa wajen wata igiyar ruwa mai tahowa da kumfa. Na zabura, na sure shi da hannu biyu, na ɗaga sama. A daidai lokacin da igiyar ta doki ƙuguna kuwa na ji wani ɗan sauti, ɗas, wanda ban taɓa jin mai ƙanƙantarsa ba, ban kuma taɓa jin mai girman musibarsa ba.

To, jama'a, a nan fa mas'ala ta tsaya. Na karanta a gaban malamai cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, na kuma karanta cewa kiyaye rai yana gaba da wannan. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya mini cewa wata rana za a yi mini jarrabawar babi biyun a haɗe, hannuwana duka a sama, a gaban rabin mutanen Accra. Muddin igiya na nan, asirina a rufe yake. Amma ɗabi'arta ce ta koma inda ta fito, ta kuwa soma komawa sannu a hankali, daga ƙugu zuwa cinya, daga cinya zuwa gwiwa, wandon yana biye da ita kamar almajiri bayan malaminsa, ni kuwa ina roƙon Allah Ya aiko da wata, Abba yana ƙyalƙyala dariya yana cewa a sake. Na durƙusa a cikin ruwan da bai kai idon sawu ba.

Wani dattijo mai tsire ya bar tukubarsa ya matso, hannuwansa a baya, ya dube ni da natsuwar alƙali.

"Malam, ka ƙidaya kuwa? Ta bakwai ita ce babba."

Na ce, "Baba, don Allah karɓi yaron nan."

Ya ce, "Hannuna da yaji. Kuma da Talata ka zo, ranar da masuntan Ga ba sa shiga teku. Ranar tana hutawa." Ya yi shiru, ya ƙare wa abin da ke kewaye da sawuna kallo, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma fa yadin mai kyau ne. Irin wannan ba a wanke shi da ruwan gishiri."

Uwargida ta iso da zanen goyo ta ɗaura mini, tana kuwa yaba mini, wai tun ɗazu take fama da ƙunshin nan ya ƙi kwancewa, ba ta taɓa ganin zariya mai amana irin wannan ba.