Soyayyar jirgin sama da ta hanyar Difa

A zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, masoyan da ke cikin littattafan Kano sai sun ji jiki kafin a kai ga ɗaurin aure. Na yanzu da ake karantawa a waya, babbar damuwarsu ita ce Dubai za a je ko Landan. A wanda na gama kwanan nan, yarinya ta hau jirgi, ta zauna kusa da ɗan attajiri, kafin a sauka har an sa rana. Gyalenta ko ƙura bai ɗauka ba.

Marubuciya, don Allah ki zuba su a motar haya daga Yamai zuwa Difa, kilomita sama da 1,300. Su ratsa Damagaram da Gure, jandarma na neman katin ɗan ƙasa a kowane shinge. In saurayin ya iso Maine-Sorowa yana iya cewa "rabin raina" da busasshen leɓe, to a ɗaura.

Amma ya sani, a bakin kogin Komadugu surukai ba ruwansu da fure. Buhun tattasai nawa ya noma bana za su tambaya, kuma atishawar da zai yi wajen awo ta isa babi guda.