Salansa a Jippu Jam

Har yanzu tafin hannuna zogi yake, don haka da hagu nake wannan rubutu.

Lefen ƙanena aka ce in kai daga Jimeta zuwa cikin Yola, ni da gwaggonnina da akwatuna a tsohuwar Golf ɗina. Da safe bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce haƙoran notin da ke riƙe salansa sun cinye. Wai zafi buɗa ƙarfe yake, jijjiga kuma tana warware noti sannu a hankali, sai an sa sabo da washa mai lanƙwasa. Washa babu, sai ya ɗaure da waya ya ce, "Ko Mubi za ta kai ka."

Shataletalen Jippu Jam ta kai ni. Rana tsaka, watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Na faɗa wani rami, sai ji na yi ƙwal! Sannan tau! tau! tau!

Mutanen garin nan, tun tashin bama-baman Jimeta na 2015, ba sa tsayawa tambayar ba'asi. Mai rake ya watsar da baro. Ɗan Keke Napep ya bar fasinja ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Gwaggo Babba ta kife a kan akwatin zannuwa tana kalmar shahada, amma ba ta saki makullin ba. Ita kuwa salansa tana can tana gangarawa, ƙararam-ƙararam, a gaban kowa.

Na fito da babbar riga na bi ta. Na sunkuya. Na damƙe ta da hannun dama. Jama'a, ƙarfen da ya sha hayaƙin inji tun daga unguwar Dubeli a Jimeta! Na yi cilli da ita, na daka tsalle, hula ta faɗi, na cusa hannu a hammata ina juyi a tsakiyar titi. Waɗanda suka gudu suka dawo kallo.

Sai ga wani tsohon maharbi, riga duk layu, bindiga a kafaɗa. Ya zagaya motar a tsanake.

"Ɗana, wannan ba aikin noti ba ne, baki ne. Ka samo fatar damo ka naɗe ta, ka tofa."

"Baba, fata ai ƙonewa za ta yi."

"To ka riƙa tafiya da inji a kashe."

Ya ce da shi aka kori Boko Haram daga Mubi a 2014, kuma kaf bindigogin maharba babu mai muryar motata. Ya sa na sake tayar da ita. Tau! Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai.

"Kada ka gyara ta. Hawan Sallah ya kusa a fadar Lamiɗo, ga albarushi ya yi tsada. Nawa za ka ba da haya?"