Masu Zawarcin Tsohuwar Mota a Potiskum

A Potiskum mota ba abin wasa ba ce. Gari ne a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma in ka cire kasuwar shanu da ta hatsi, manyan motoci ne suka fitar da sunansa. Duk ranar Laraba tireloli na jere a bakin kara ana loda shanu zuwa Kudu, yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba ma yana gane kukan DAF tun daga nesa. A nan in mutum ya ce zai sayi mota, tambayar farko buhu nawa take ɗauka, ta biyu nawa take kawowa a sawu ɗaya. Saboda haka wanda ya ce shi burinsa tsohuwar Fijo 504, ko Marsandi 190, ko Bitil ɗin nan mai inji a baya, ba don lodi ba, ba don haya ba, sai don ya wanke ta ranar Juma'a ya zaga gari, to ya shirya wa kallon tausayi.

Amma akwai su, kuma sun fi yadda ake zato yawa. Rantsuwa ɗaya ce ta haɗa su: ba za su ci bashi ba. Kowa ya taɓa tsayawa a jana'iza ya ji ana shelar duk mai bin mamaci bashi ya sami iyalansa, kuma ba wanda ke son a ce abin da aka taru ana biya masa na motar yawo ne. Bankin kuɗin ruwa, malamai sun gama magana a kansa. Jaiz da TAJ kan saya su sayar maka da riba ka biya sannu a hankali, amma wannan ma bashi ne, kuma da wuya ma'aikacin banki ya sa hannu a kan motar da ta girme shi. Saura tari. A wajen tarin nan halin kowa ke fitowa.

Mai asusu ya fi kowa tsufan yayi. Ya je wajen mai walda an ƙera masa akwatin ƙarfe, an liƙe ko'ina, an bar 'yar kafar da sai an ninke takarda take shiga. Ya yi haka ne don ya san halinsa. Abin da bai sani ba shi ne iyakar wayonsa: kafin wata uku ya ƙware wajen zaro dubu ɗaya da tsinken tsintsiya da ɗan cingam, tsakar dare, yana waige-waige a cikin ɗakinsa, a kan kuɗinsa. Waɗanda suka daure akwatin ya cika kuwa, canjin kuɗi ne ya ritsa da su. Da Babban Banki ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, mai walda ya ci kasuwa sau biyu, shi ya liƙe, shi ya yanke. Mutumin da duk unguwa ta shaida ba shi da ko sisi, sai ga shi a layin banki da jakar bakko. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki, amma asiri ya riga ya tonu, ƙannen matarsa sun riga sun auna nauyin jakar da ido.

Ɗan adashi ya raina wannan duka. "Kuɗi a akwati ba sa haihuwa," in ji shi, sai ka ce a adashi haihuwa suke yi. A ce su goma ne, zubin wata naira 50,000, wanda kwasa ta zo kansa ya tashi da 500,000. Lissafi lafiya lau, sai an zo rabon layi. Gogan naka ya matsa wa uwar adashi ta ba shi kwasar farko, domin dillali ya ce masa akwai wani Alhaji daga Gombe da ya ƙyalla ido a kan motar. (Kowane dillali yana da Alhajinsa na Gombe, ba a dai taɓa ganin fuskarsa ba.) Ya kwasa, ya kai kafin alƙalami, yana bugun ƙirji bai ci bashin kowa ba. A'a, Malam. Mutum tara ke bin ka, har wata tara, sai dai ba ruwa a kai. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai kwasar ƙarshe, bawan Allah, wanda ya ce a fara ba masu uzuri. Shi ne ya ranta wa kowa kyauta. A 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta wuce 1,500, kuɗin da aka ƙulla a Janairu ba su ne aka miƙa masa a Oktoba ba, ko da lissafin ya cika cif. Motar da yake so ba daga waje za a kawo ta ba, tana nan a bayan gidan wani shekara da shekaru, ba ta taɓa ganin dala ba. Amma mai ita yana sauraren rediyo.

Sai mai turke, ɗan gari na asali. Shi ya ce naira ramewa take yi, dabba kuwa ƙiba. Bayan sallah, da raguna suka faɗi, ya shiga kara ya sayo ramamme ya ɗaure, da niyyar sayarwa gab da babbar sallah mai zuwa. Dabara ce ta gaskiya, gidaje da yawa da ita aka yi musu rufin kwano. Sai dai masu cin ribar kiwo su ne masu harawa da ƙaiƙayi daga gonarsu. Namu ko kunya ɗaya bai noma ba. Dusa saye, harawa saye, kanwa saye, allurar malamin dabbobi saye. In ka buɗe littafin mai dusa sunansa ya cinye shafi biyu, amma shi a wajensa wannan ba bashi ba ne, "harka ce tsakanina da shi". Ga kuma sabo. Wata da watanni yana shafa wuyan rago bayan sallar asuba, yara har sun raɗa masa suna. Ranar da aka kai shi kara aka taya, ya ce albarka. Aka ƙara, ya ce albarka. Dillali ya ja shi gefe ya ce, "Alhaji, wallahi ko Legas ka kai shi iyakar kuɗinsa ke nan." Ya ce albarka. La'asar ta yi, tireloli suka cika suka kama hanya, shi kuma ya dawo da ragonsa a Keke Napep, ya biya kuɗin zuwa da na dawowa. Jajibirin sallah uwargida ta ce, "Malam, ga rago a gida, kuma sai mu je sayen wani?" Aka yi layya da taya huɗu da batir.

Ɗan'uwansa mai ajiyar hatsi yana saye da kaka, ya jira damina. Abin ya yi masa daɗi a 2023 da 2024. Da 2025 ta zo farashin masara da gero ya rikito, ya sayar da araha abin da ya cika ɗaki da shi da tsada. Talakawa suka yi hamdala, shi ma ya yi, ƙasa-ƙasa. Mai neman a ninka masa kuɗi cikin wata guda kuwa ba sai an ɓata masa tawada ba. Wanda MMM ta kwashe a Disambar 2016 da wanda CBEX ta kwashe a Afrilun 2025 mutum ɗaya ne, waya kawai ya sauya.

Wanda ya fi kowa saurin tari shi ne mai tsuke bakin aljihu, kuma shi ne na fi jin haushinsa. Ya ga wani a Facebook yana cewa ƙananan kashe-kashe ke cinye arziki, ya dawo gida da littafi da biro. Nama sau ɗaya a mako. Magi da ƙirge. Kuɗin cefanen da yake ajiyewa tun kafin a cire tallafin mai, su yake ajiyewa har yau, da ya ga miya ba ta canza ɗanɗano ba sai ya ɗauka dabararsa ce ta ci. Bai san cinikin awarar uwargida da adashinta na mata ke cike giɓin ba. A majalisa yakan iso daidai lokacin da aka sauke shayi, ya tuna da wani uzuri daidai lokacin da za a haɗa kuɗin sukari. Irin wannan bai guje wa bashi ba, ya dai kai shi wajen mutanen da kunya ba za ta bari su tashi a jana'iza su ce suna bin sa ba. Ranar da ya ƙirga ya ce alhamdulillahi an kusa, uwargida ta shiga ɗaki ta fito da nata littafin. "Malam, ba faɗa ba ne. Wannan na man gyaɗa, wannan na Islamiyyar yara, wannan na maganin zazzaɓin auta. In ka sayo ta rabi nawa ne. Ka zaɓa, gaba ko baya."

Mai baki shi ya kashe kansa. Ya faɗa a majalisa cewa ya kai rabi. Washegari Kawu ya yi sallama, rufin ɗaki na yoyo. Gwaggo ta aiko, jikarta za ta tare. Ƙane ya sami gurbi a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan cikin gari, rajista za a rufe ranar Litinin. Ta ina za ka ce babu, alhali da bakinka ka ce akwai? In ka yi nauyin hannu a ce, "Ashe ƙarfe ya fi ɗan'uwa." Abin da ya tsira daga dangi, in ya kai nisabi ya shekara, ɗaya bisa arba'in na zakka ne, sai ka gan shi bayan magariba a gaban malam da tambayoyi masu lanƙwasa.

Akwai kuma mai saye gunduwa-gunduwa. Ya fara da maƙalin makulli mai tambarin zaki, sai rigar sitiyari. Yanzu duk wanda za shi Kano sai ya ba shi saƙon Ƙofar Ruwa: kafireto, lagireto, fitilar baya, hannun ƙofa. Ƙarƙashin gadonsa ya cika, uwargida ta daina shara a wajen. Ana yi masa dariya, ni kuwa ban ga wautarsa sosai ba. Kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da haɗa 504 shekaru da yawa bayan Turai ta daina yayinta, shi ya sa har yanzu ake samun kayanta, amma kullum raguwa suke yi suna ƙara tsada. Kuma ba a taɓa jin wanda ya zo rancen kafireto don matarsa ta haihu ba. Matsalarsa ɗaya: motar da aka yi masa tayi a ƙarshe 505 ce.

Duk waɗannan, ranar da za su je dubawa, da masanin majalisa suke tafiya. Bai taɓa tara ko kwabo ba, bai taɓa mallakar ko taya ba, amma ya san an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, ya san wace takardar kwastan ce ta gaske. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Ya sa a taka totur, ya tsuguna bayan salansa yana karanta hayaƙi: shuɗi, inji na shan baƙin mai, fari mai kauri, ruwa na shiga inda bai kamata ba, baƙi, fetur ya yi yawa. Ya ƙwanƙwasa bodi da ɗan makulli ya ji inda aka cike tsatsa aka shafe da fenti. Duk gaskiya yake faɗa. Shi ya sa ba motar da ta taɓa ci a wajensa, kuma duk wanda ya bi shawararsa har yau a ƙafa yake.

Mai motar ma nau'i ne. Dattijo ne, ya yi aikin gwamnati tun ana jihar Borno, kafin a yanko Yobe a 1991, kuma in ka bincika da bashin mota na ma'aikata ya saye ta. Tana ƙarƙashin darbejiya a kan duwatsu, kaza na kwanci a kujerar baya. Ba sayarwa yake so ba, so yake a riƙa zuwa ana tayawa, ya shimfiɗa tabarma ya ba da labarin yadda ya je Maiduguri da ita ya dawo kafin azahar. Duk zuwan da ka yi farashi ya ƙaru, domin ya ga idonka. In ka ce bari ka jira, jiran ya fi muni: ranar da ta zama gado magada sha ɗaya ne, ɗayansu yana Abuja ba ya ɗaga waya.

Wanda ya same ta a ƙarshe, ba wanda ya san yana nema. Malamin makaranta ne. Ranar albashi, kafin ya taɓa komai, yakan tura wani kaso asusun bankin da bai karɓi katinsa ba, bai kuma sa shi a waya ba, in zai cira sai ya taka da ƙafarsa ya bi layi. Bai rage cefane ba, shiga ya ƙara: darasin yamma ga 'yan jarrabawa, Laraba in an tashi ya wuce kara yana riƙe wa wani dillali lissafi. Ya ware kuɗin gyara daban, domin ya san tsohuwar mota ranar da aka saye ta ake fara biyan kuɗinta. Daga matarsa sai bakanikensa suka sani. Ya yi wa dattijo sallama da kuɗi a hannu mako biyu kafin bikin autar dattijon, ana tsaka da lissafin kayan ɗaki. Aka kori kaza, aka sauke mota daga kan duwatsu.

Sai dai tun 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, Fijo kuwa ba ta san an cire tallafi ba. Don haka yawon ya zama na Juma'a kawai, daga gida a bi ta gaban fadar Sarkin Fika a dawo, lita biyu a jarka. A mako na uku maƙwabci ya yi sallama. "Malam, ɗaukar amarya ce, angon ya ce lallai sai wannan, irin ta da." Ba a hana maƙwabci. Aka dawo da ita bayan isha'i, tanki a bushe, ƙamshin turaren wuta ya kama kujeru, abokin ango ya miƙo masa hannun ƙofar baya da hannu biyu cikin ladabi. "Wallahi Malam, da kansa ya cire."

Duk garin mutum ɗaya ne ke da irin wannan hannun ƙofa, a ƙarƙashin gado. Malam ya je ya taya. Ya ce albarka.