Gasar Tana Saudiyya, Bakinmu Yana Paris-Dakar

Mu masu bin labarin tseren motoci ba mu da yawa, amma in ana rabon taurin kai, a shimfiɗa mana tabarmar gaba. Ga gasa nan da ake yi duk Janairu, ƙananan motoci da babura da manyan motoci suna keta rairayi har mako biyu, masu ita sun daɗe da taƙaita sunanta zuwa Dakar, mu kuwa har gobe Paris-Dakar muke cewa. Ka gyara wa mutum, ya dube ka sheƙeƙe ya ce ai ba a canja wa tuwo suna. To ranka ya daɗe, tuwon nan fa rabonsa da Paris tun 2001, rabonsa da Dakar tun 2007, kuma tun 2020 a Saudiyya ake tuƙa shi.

Kada dai a cika ganin laifinmu, ruwa ba ya tsami banza. Ranar 26 ga Disamban 1978 da aka fara gasar, motoci da babura 182 ne suka bar Paris, suka ratsa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset, suka shigo Agadas da Yamai, suka bi ta Gao da Bamako, 74 kaɗai suka ga Dakar. Ta ƙofar gidanmu aka wuce ke nan. Bafaranshen da ya ƙago ta, Thierry Sabine, ɓacewa ya yi a sahara bisa babur a 1977, da aka tsinto shi kuma, maimakon ya tuba, sai ya gayyato jama'a su zo a ɓace tare. Haɗarin jirgi mai saukar ungulu ne ya yi ajalinsa a Mali a Janairun 1986, har yau kuma akwai bishiya a Tenere da ake kira da sunansa. A 1997 ma daga Dakar aka tashi, aka juyo a Agadas. Shi ya sa duk dattijon da ya taɓa kwana a Agadas, in ka ba shi kunne, shi ne ya nuna wa wani direba hanya, ko kuma ƙanensa ne ya tura motar da ta kafe. Da za a tara shaidun nan wuri guda, babu motar da ta taɓa ƙetare Tenere da ƙarfin injinta.

Amma tsakani da Allah, ko a wancan zamanin sunan bai cika gaskiya ba. A 1992 Cape Town aka nufa, can ƙarshen Afirka ta Kudu, muka ce Paris-Dakar. A 2000 daga Dakar aka tashi zuwa Alƙahira, har sai da aka kwashi motocin a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari, muka ce Paris-Dakar. A 2003 kuwa daga Marseille aka tashi aka ƙare a Sharm el-Sheikh ta Masar, ba Paris ba Dakar, mu dai ko gezau. Da aka soke gasar 2008 ana gobe za a tashi daga Lisbon, bayan kisan Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya, sai masu ita suka naɗe kayansu suka yi Ajantina da Chile a 2009. Su ma fa ba su fi mu ba: sun bar garin, sun tafi da sunansa, don sun san sunan shi ne jarin. Ga kuma wata gasar, Africa Eco Race, da aka fara a 2009, wadda ita ce ke ƙarewa a Dakar ɗin gaske, amma a majalisarmu ko sunanta ba a cika tunawa ba.

Halinmu na biyu ya fi wannan ban dariya. Kullum F1 muke cewa, kowa ya gane, ba gardama. Amma bari musu ya yi zafi a kan ko Hamilton ne gwani ko Schumacher, wani ya ga za a kayar da shi, sai ka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a tarihin FIA Formula One World Championship tun 1950..." Shi ke nan, kowa ya yi tsit, ba don ya kawo hujja ba, sai don tsawon sunan. Cikakken suna a wurinmu gora ce ta bayan ƙofa, ba a ɗauko ta sai ranar faɗa.

Su kuma masu raɗa sunan ba sa tausayin harshe. Tseren da aka yi a Imola a 2021, sunansa na takarda ya haɗa kamfanin taya na Pirelli, da tallar kayan ƙirar Italiya, da sunan yankin Emilia-Romagna, kafin ka kai ƙarshensa motocin sun sha kwanar farko. Muka ce Imola, muka huta. A wannan filin dai aka yi ta yin tseren San Marino daga 1981 zuwa 2006, alhali San Marino ƙasa ce mai zaman kanta, filin kuwa a Italiya yake. Tseren Switzerland na 1982 a Dijon ta Faransa aka yi shi, saboda Switzerland ta haramta irin wannan tsere bayan mummunan haɗarin Le Mans na 1955. Wato takarda ma tana yin irin tamu, hatimi kawai ta fi mu.

Sai kuma ƙorafin da muka fi ƙwarewa a kai: wai 'yan talla sun ɓata komai, kowa ya zuba kuɗi sai ya liƙa sunansa. Gaskiya ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma laifi tudu ne. Dubi 'yan uwanmu na Amurka masu kallon NASCAR. Babbar gasarsu Winston Cup ce daga 1971 zuwa 2003, ta koma Nextel, ta koma Sprint a 2008, ta koma Monster Energy a 2017, sai a 2020 aka bar ta Cup Series zalla. Tsofaffinsu har yau Winston suke cewa, wai shi ne suna na asali, alhali sunan sigari ne. Mu ma da muke musu dariya, Red Bull muke cewa baki har kunne, mun manta abin sha ne na gwangwani. Talla in ta tsufa a bakinmu sai ta zama gado. Ka ɗauki ƙungiyar F1 ɗin nan ta garin Faenza: Minardi ce, ta zama Toro Rosso a 2006, AlphaTauri a 2020, RB a 2024, Racing Bulls a 2025. Ka ji sunan da mutum ke kiran ta, ka san shekarar da ya fara kallo, ba sai ka duba furfurarsa ba.

To wanne za a ɗauka? Mu da aka yanka wa rago aka raɗa mana Abubakar, unguwa ta ce Ɗanlami, ai bai kamata wannan ya ɗaure mana kai ba. Sunan yanka na katin ɗan ƙasa ne da katin ɗaurin aure, amma mai neman gidan, laƙabin zai faɗa yara su raka shi har ƙofa. A bar wa kwangila da kofi cikakken suna, ɗan jarida ya ambace shi sau ɗaya don fita hakki, saura kuma a kira gasar da sunan da 'yan kallo ke amsawa.

Matsalar dai ita ce 'yan kallon sabuntuwa suke yi. Yaran da suka buɗe ido suka ga ana tashi daga Jidda, suka ga Yazeed Al-Rajhi ɗan Saudiyya ya ci gasar motoci a 2025, su a ganinsu Dakar wata unguwa ce a bayan Riyad. Kwanan nan wani yaro ya tari Alhajin layinmu da ya dawo Umara, ya ce, "Baba Alhaji, ka kuwa leƙa Dakar?" Alhaji kuwa, da yake namu ne, cewa ya yi lokaci ne ya ƙure, amma ya hango ta daga cikin mota.