Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Neman Jinin Abby

Ya hannu? Na tambayi hannu ne don labari ya iso ni har Fagge cewa daren Asabar ka maka hannun gem da bango a wancan shagon na Sabon Gari, bayan France Road, har sai da mai shago ya riƙe maka wuyan riga ya ce sai ka biya. Yaran da ke layin buga ƙwallo sun ce ka fito kana huci kamar kububuwa, kana cewa Turawa sun cuce ka, sun ci kuɗinka, sun ɓata maka sati uku a banza. Laifin nasu kuwa? Wai Ellie ta danne Abby cikin ruwa, saura ƙiris ta gama da ita, sai ta sake ta.

Ni ubangidanka ne, haƙƙinka yana wuyana. Don haka nemi wuri ka zauna in biya maka karatun da Zariya, duk da taƙamarta da ilimi, ta manta ba ta koya maka ba.

Mu fara da gyaran baki. An ce da kake ba yaran labari cewa ka yi: "Abby ya kashe Joel, Ellie ya bi shi, ya kama shi, kuma ya ƙyale shi!" Yara suka yi zuru, wani ya tambayi na kusa da shi ko wasan duk maza ne. Haba Bazazzagi! Wasa ne da mata biyu suka riƙe shi daga farko har ƙarshe, kai kuwa bakinka bai san "ta" ba. Wanda bai iya raba mace da namiji a magana ba, shi ne zai raba mana mai gaskiya da mai laifi?

Saboda masu karatu da ba su san inda muka dosa ba: wasan nan sunansa The Last of Us, na kamfanin Naughty Dog da ke Amurka, ana buga shi a PlayStation. Na farko ya fito a 2013. Wata cuta ce ta naman gwari ta mamaye duniya, tana mai da mutum dodo mai cizo. Joel, wanda 'yarsa ta mutu a hannunsa daren da abin ya ɓarke, shi aka ba aikin rako wata yarinya 'yar shekara 14, Ellie, wadda cutar ba ta kama ta. Suka ratsa Amurka har wani asibiti a Salt Lake City, inda likitoci suka ce za a iya samo rigakafi daga ƙwaƙwalwarta, amma fa sai ta rasa ranta. Joel ya ce bai san zancen ba. Ya bi asibitin da bindiga, ya kashe likitan tiyatar, ya ɗauke yarinya, da ta farfaɗo kuma ya shirga mata ƙarya. Na biyu ya fito ranar 19 ga Yuni, 2020, ana tsakiyar korona, ya sayar da sama da kwafi miliyan huɗu cikin kwana uku, ya kuma lashe kambun gwarzon wasa na shekarar. A cikinsa ne 'yar wancan likita, Abby, ta biyo sawun Joel har garin Jackson ta kashe shi da sandar golf a gaban idon Ellie. Ita kuma Ellie ta ɗauki makami ta nufi Seattle ɗaukar fansa. Duniya ta gama gardama a kan wasan nan tun tuni, ta sake tayar da ita a 2025 da HBO ta fitar da zango na biyu na fim ɗin da aka yi kan wasan, kai sai yanzu ka iso. Dama jirgin Zariya ba ya sauri.

Na san inda ciwonka yake, don tare muka taso muna satar hanya zuwa Plaza da Eldorado. Can aka koya mana cewa duniya gida biyu ce, akta da bos. A kashe uban akta yana yaro, ya girma, ya yi waƙa uku, ya kashe bos, a kunna fitila kowa ya tafi gida da farin ciki. Da wannan awon ka shiga shagon gem. Amma ko Sholay na 1975 da kake rantsuwa da shi, ka tuna yadda ya ƙare a sinima? Thakur, wanda Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannu biyu, ya tattake shi da takalmi, yana dab da ƙarasa shi 'yan sanda suka iso suka tafi da shi. Ban ji ka jefi majigi da dutse ba a lokacin.

Abin da ya ƙona maka rai a wannan wasa shi ne, ana tsakiyar tafiya aka ƙwace Ellie daga hannunka aka damƙa maka Abby, aka ce kai ne ita na tsawon kwana uku. Mai shago ya ba ni labarin abin da ka yi, har yana share hawayen dariya. Ka gano Abby tana tsoron bisa, sai ka hau da ita kan wannan siririyar gadar da ke saman dogayen benaye, ka tura ta ƙasa. Wasa ya dawo da ita, ka sake turawa. Ya dawo da ita, ka sake. Da aka zo faɗan gidan wasan kwaikwayo, inda dole ka yaƙi Ellie da hannun Abby, sai ka ajiye hannun gem a cinya ka harɗe hannuwa, kana kallo ana kashe ka kana cewa "ƙara mata!" Duk wannan fa janareto yana shan mai, agogon mai shago yana tafiya, kuɗin awa yana hawa. Ni Bakano ne, na yi lissafi: Abby ba ta ji ko ƙwarzane ba, aljihunka ne ya yi jini. Ka ga darasin wasan ke nan gaba ɗaya, ka biya kuɗinsa da kanka amma ba ka ɗauka ba.

Ba zan danne maka gaskiyarka ba, ko bawa yana da ranarsa. Ka ce Abby butulu ce, domin Joel da ƙanensa Tommy ne suka cece ta daga bakin dodanni a cikin dusar ƙanƙara, ta saka wa Joel da sanda. Haka ne. Ka ce duk uban ƙwarai abin da Joel ya yi zai yi, tunda likitocin ba su ko tashi yarinyar sun tambaye ta ba. Wannan ma ban musa ba. In 'yata ce a kan gadon nan, ban san me hannuna zai aikata ba. Hujjarka mafi nauyi kuwa ita ce: ta yaya Ellie za ta kashe mutane bila adadin a hanya, sannan ta zo kan wadda ta fito nema ta ce ta haƙura? Na yarda akwai ɗinkin da bai zauna daidai ba a wurin.

To amma laifi tudu ne. Juya labarin ka fara shi daga ɗakin tiyata. Yarinya ta shigo da gudu ta tarar da ubanta kwance cikin jini, likita, wanda abin da ke hannunsa kawai wuƙar fiɗa ce. Ta shekara huɗu tana ɗaga ƙarfe tana neman wanda ya yi. In da wannan aka fara nuna maka a 2013, da yau Abby ce aktarka, Joel ne bos, da kuma kai ne kan gaba wajen tafi ranar da aka ɗaga sandar. Wanda ka riga sani shi ka ba gaskiya, shi ke nan.

Dubi kuma abin da fansar ta saya wa kowacce. Abby ta kashe Joel, amma mugun mafarkin asibitin bai bar ta ba. Barcinta bai daidaita ba sai da ta koma ta ceci Yara da Lev, 'ya'yan ƙungiyar da take yaƙa. Cikin kwana uku kuma ta rasa kusan duk abokan da suka raka ta Jackson. Ita kuwa Ellie ta kashe Owen da Mel, abokan Abby, sai bayan ta gama ta ga ashe Mel tsohon ciki gare ta. Jesse abokin Ellie ya mutu, Tommy ya rasa ido. Har karyar nan Alice da ka kashe ba tare da ka waiwaya ba, daga baya aka sa ka tsaya a matsayin Abby kana shafa ta. Kuma ka lura duk wanda ka harbe a hanya, sai ka ji ɗan'uwansa ya ƙwala kiran sunansa. Ramin mugunta an ce a gina shi gajere, su kuwa rijiya gaba dubu suka haƙa.

Kai ka ɗauka tausayin Abby ne ya kama Ellie a bakin tekun Santa Barbara, inda ta danne ta cikin ruwa. Da ba ka yi saurin jifa da hannun gem ba, da ka ga abin da ya biyo baya. Ellie ta daɗe tana gaba da Joel tun da ta gano ƙaryarsa. Daren da za a wayi gari a kashe shi ne ta same shi a barandar gidansa, ta nuna masa tana so ta gwada yafe masa. Washegari aka raba ta da shi. Wannan ne ƙullin da ke cinta: yafiyar da ta ɗauko ba ta sauke ba. Da ta danne Abby a ruwa, Joel ta tuno zaune da jitarsa, ga kuma Lev kwance a jirgin ruwa, yaron da zai tashi maraya ya biyo ta kamar yadda ta biyo Abby. Ta saki. Ta koma gida ba yatsu biyu, ta tarar da ɗakuna wayam, jitar da Joel ya ba ta ma ta kasa kaɗa ta yadda ya kamata. Ta makara, na yarda. Amma wanda ya tsaya a makare ya fi wanda bai tsaya ba.

Kuma bawana, bar ganin abin a talabijin, mu da muke tsakanin Fagge da Sabon Gari ba baƙin wannan labari ba ne. A watan Mayun 1953 unguwannin nan biyu sun kwana huɗu suna gwabzawa, hukuma ta ƙirga gawa 36. A watan Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwan Shandam a Filato, ramuwar gayya ta sauka a Kano a kan mutanen da ko hanyar Yelwa ba su sani ba. Har gobe faɗan daba haka yake tafiya: an sari yaron unguwarmu, sai mun sari na unguwarsu, ko da mai sayar da rake ne ya fito neman abinci. Shi ya sa shari'a ba ta bar wa mai fushi wuƙa a hannu ba. Ta kai maganar gaban alƙali, ta buɗe wa waliyyin jini ƙofa uku, ƙisasi ko diyya ko afuwa, ta kuma kwaɗaitar da ta ukun. Yau ga shi a shagon da ka yi ɓarnar, yaron Fagge da yaron Igbo Road benci ɗaya suke zama, ba abin da ke raba su sai Barcelona da Madrid.

Wai har da cewa ba ka yarda mace ta yi damtse irin na Abby ba. Kai da bakinka? Jikan Sarauniya Amina, wadda aka ce ta shekara 34 tana yaƙi, har mu nan aka ce ta taɓa mu? In Amina ta ji ka, da kai za ta fara. A Amurka ma an sami irinka, waɗanda suka riƙa aika wa Laura Bailey, matar da ta yi muryar Abby, barazanar kisa saboda laifin da zanen kwamfuta ya aikata. Ina fata ba ka cikinsu, ko da yake Turancinka ba zai kai ka can ba.

In kuwa ka nace cewa jini sai jini, to zo mu buɗe tsohon littafi. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji ya kai yaƙi Zazzau aka koro shi daga Turunku. Ya dawo gida yana cizon yatsa, ya sake shiri, da shekara ta zagayo ya koma aka kashe Sarkin Zazzau. Bisa hukuncinka, ya kamata tun ranar da ka sauka a tashar Unguwa Uku da jakarka ka fara neman wuyana. Me ya hana? Kakanninmu sun fi mu wayo. Sun ga in aka biye wa ramuwa ba mai saura, sai suka mai da faɗan wasa. Shi ya sa yau nake kiranka bawa a jarida, kai ma ka kira ni mai son kuɗi a kasuwa, mu tashi mu ci tuwo kwano ɗaya. Abin da Ellie ta gano bayan ta rasa yatsu biyu, mu gadonsa muka yi kyauta.

Saboda haka ga hukuncina. Ka koma ka biya mai shago kuɗin hannun gem ɗinsa, kada ka ce sai ƙarshen wata. Ka zauna ka ƙarasa mintocin da suka rage, ka ga barandar nan da idonka. Sannan ka biyo ta Kantin Kwari ka iso Fagge, akwai shayi. Dubu biyun da ka ranta a hannuna tun azumin bara na yafe maka, don ka ga yadda ake yi. Amma kuɗin shara na watan cika-ciki yana nan a wuyanka, wannan kam ba afuwa, ba diyya. Ka zo da shi cas.