Ranar da Marsandin Yaya ta yi lodin fasinja a 'Yargoje

A manyan otal-otal na Abuja da Dubai akwai wani aiki da har yau hankalina bai kwanta da shi ba. Ka tsaya a bakin ƙofa, wani saurayi mai yunifom ya karɓi motarka, ya miƙa maka 'yar takarda mai lamba, ya yi gaba da dukiyar miliyoyi. Su kansu Turawan ba yarda suka yi da juna ba. Dodge Challenger Hellcat ƙirar 2015 makulli biyu ake haɗa wa mai saye: ja mai sakin ƙarfin doki 707, da baƙi mai tsayawa a 500, na miƙa wa wanda ba ka amince da ƙafarsa ba. Corvette ta waccan shekarar kuwa har bidiyo take ɗauka ta ajiye wa mai ita. Can ganganci ake tsoro, ko sata. A 'Yargoje ba mai sace maka mota a ƙofar ɗaurin aure, zumunci ne zai yi gaba da ita.

Motar da na je 'Yargoje da ita ma ba tawa ba ce. Marsandi ce C300 mai ƙofa biyu, baƙa wuluk, cikinta kamar ya taɓa ƙasa, ta yayana. Da zai ba ni aro a Funtuwa sharaɗi ɗaya ya kafa: "Kada makullin nan ya bar aljihunka." Na ce, "Yaya, ko wanka zan shiga da shi." Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin har gobe ban saɓa alƙawari ba.

Na bi ta Sheme na kama hanyar Ƙanƙara da hantsi, ina rarrafawa a kowane rami, 'yan Golf suna wuce ni suna leƙe. Ina isa ƙofar gidan ɗaurin auren, maroƙi ya hango ni. Kafin in taka birki ya naɗa ni Alhaji na Abuja, mai raba kujerun Makka, ni da albashina ba ya kai ashirin ga wata. To, wanda aka yi wa wannan kirari ba ya ɓigewa da ribas yana neman gurbi tsakanin babura. Sai ga wani saurayi da riga mai ƙyalli irin ta 'yan tasha, ya buɗe mini ƙofa ya rusuna: "Ranka ya daɗe, sauka abinka, mu gyara mata tsayuwa a inuwa." Na sauko ina gyara babbar riga, inji yana aiki, makulli yana aljihuna.

Irin waɗannan motoci da maɓalli ake tayar da su, in dai makullin yana ciki. In ta riga ta tashi, ko mai makullin ya fita ba ta mutuwa; gargaɗi kawai za ta rubuta da Turanci, ta ci gaba da tafiya. Amma aka kashe ta, shi ke nan, sai makulli ya dawo.

Aka nemi aure, aka bayar, aka ambaci sadaki, aka shafa Fatiha, aka raba goro da alawa. Na fito ina waige. Inuwa dai ga ta nan a gindin darbejiya, akuya ce kwance a cikinta.

Sauran labarin daga bakin shaidu na tattaro shi. Yaron ashe direban Golf ne, irin tsofaffin nan na shekarun 1990 da ke jigila tsakanin Ƙanƙara da Funtuwa. Da ya zauna ya kai hannu tsakanin kujeru neman giya, ya damƙo wurin ajiye kofi. Giyar wannan ƙira a jikin sitiyari take, ta hannun dama. Sai da ya kunna sigina, ya wanke gilashi, ya buɗe but, sannan Allah Ya haɗa shi da ita. Bai yi nisa ba Gwaggon amarya ta ɗaga masa hannu, tana ɗauke da kular tuwo za ta kai gidan ango. Wa zai wuce Gwaggo a rana? Aka kwantar da kujera aka tura ta baya. Jikokinta suka bi. Wata maƙwabciya ta ce ai hanya ɗaya ce. Ga direban da ya saba huɗu a baya biyu a gaba, wannan lodi ko rabi bai kai ba, don haka ya ƙara buhun masara a but, za a sauke a injin niƙa.

Daga nan sai tausayi ya kama shi. Ya ga allurar mai ta yi ƙasa, ya ce bai kamata Alhaji ya koma da tanki a bushe ba, tunda tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ba a yi wa mai mota kyautar da ta fi fetur. Ya tsaya wurin 'yan bumburutu a bakin titi, ya sayi kwalba ɗaya da kuɗinsa. Kuma da yake direba ne mai tarbiyya, sai da ya kashe inji kafin a zuba.

Lokacin da wani ya goyo ni a babur na iso, taron da ke wurin ya fi na ɗaurin auren. Majiya ƙarfi sun tuɓe riguna sun dafe bayan motar, wani dattijo yana ba da umarni: "Saka ta a giya biyu! In ta ɗau gudu ka saki kulochi!" Yaron yana ihu daga ciki: "Baba, ba ta da kulochi!" Dattijon ya ce, "Ƙarya kake, duba da kyau." Motar otomatik ce, tana mutuwa ta kulle ƙafafunta, ko gezau. Bakanike ya ɗaga bonet ya tsaya riƙe da sifana yana kallon murfin roba. Shi ɗan zamanin Fijo 504 ne, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kafireto yake nema ya zuƙo mai da baki. An riga an ciro batirin wata Golf. Wani ɗalibi yana rantsuwa cewa daga Abuja aka kashe ta da tauraron ɗan'adam. Gwaggo kuwa tana baya, zufa ta jiƙa mata lulluɓi, tana salati, don ba wanda ya tuna yadda ake kwantar da kujerar.

Na kutsa, na zura kai ta taga zan fara masifa. Daidai lokacin yaron ya taka birki ya sake danna maɓallin. Mota ta yi gurnani ta tashi.

Wurin ya ɗauki kabbara. "Ta san mai ita!" Bakanike ya ja da baya, ya ce shi dama tun da ya taɓa ta ya ji a jikinsa ba haka kawai aka bar ta ba. Wata tsohuwa ta matso tana roƙon in taimaka mata da laƙanin, an sace mata tumaki bara. Na buɗe baki zan yi bayani, maroƙin nan ya iso da gudu ya ƙara mini sarauta.

Da na zagaya motar na ga bambar gaba ta daki kan kwalbati ta tsage, miyar kuka ta bi ɗinkin kujerar fata ta shige, bakanike kuma ya yanke wata waya da har yau ba a gano aikinta ba. Na juyo kan yaron, sai dattawa suka tare ni: "Haba, ai ɗanka ne, jikan Baba ƙarami ne. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Shi ma ya durƙusa ya ce, "Kawu, a yafe ni." Na yafe. Ya miƙe ya ce saura kuɗin kwalbar mai, da ɗan na goro na gyaran fakin. Na biya, gaban jama'a, ina Alhaji na Abuja.

Yaya ya ji warin daddawa tun kafin ya ga bamba. Na zaro makulli na nuna masa cewa bai taɓa barin aljihuna ba. Har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Duk wanda aka gayyata biki a 'Yargoje, ko Faskari, ko Sabuwa, in motarsa ba ta da kulochi, ya kashe ta da hannunsa kafin ya saurari maroƙi. In kuwa ta aro ce, ya bar ta a Funtuwa ya hau Golf.