Kyautar da ta cinye mini data

A ofishinmu akwai wani bawan Allah da in ka ce masa ina kwana sai ya tambaye ka wace manhaja ce a kwamfutarka. Shi mutumin Linux ne, kuma wa'azinsa ba ya ƙarewa: wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta ga duniya kowa ya leƙa cikinta ya gyara, har wayar Android da ke aljihuna a kanta aka gina. Ni dai duk huɗubar nan abin da ya shiga kunnena shi ne ba a biyan ko sisi.

Da Allah ya hore mini sabuwar laftof, ledar jikinta ma ban gama ɓarewa ba na ce yau za a yi ta. Malamin nawa ya ce in sauke Ubuntu 24.04, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wadda ta fito a Afrilun 2024, wai ita ce daidai da ɗan koyo. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne nauyinta ya haura gigabait 5. Na jona laftof da datar wayata bayan isha'i, na zauna ina gadi. Tana dab da kammalawa aka ɗauke wuta, waya ta ce ga garinku nan. Washegari na sake sayen data.

Sai batun filashi. Na ari na uwargida, na buɗe manhajar Rufus da ake ɗora Ubuntu da ita, sai ga gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai goge. Ashe tana tsaye a bayana.

"Baban Ummi, hotunan bikin Hajara ne fa a ciki."

Kafin in fara bayani ta zare abinta ta ɗaure a bakin zani. Na fita na sayo sabo.

Don kwamfuta ta tashi daga filashi, sai ka danna F12 ko F2 a daidai lokacin da take kunnuwa. To, sabuwar na'ura ba ta jiran kowa. Kafin yatsana ya sauka, Windows ta bayyana tana yi mini maraba. Na kashe, na kunna, na shiga dukan maɓallan nan da hannu bibbiyu kamar makaɗin kalangu a gidan biki. Ummi ta jawo kujera ta ce, "Baba, in ka ci wasan ni ma zan yi."

Da ƙyar na shiga. Aka tambaye ni: a zaunar da Ubuntu kusa da Windows, ko a share komai ta zauna ita kaɗai? Na dubi iyalina, na gyara hula, na ce a share. Ba a jima ba allo ya kawo, fes, gwanin sha'awa. Har na fara shirya jawabin da zan yi a ofis, sai na nemi alamar Wi-Fi. Babu ita, babu dalilinta.

Na kira malamina. Ya ce ai ƙaramin abu ne: na'urar Wi-Fi ɗin da ke cikin laftof ɗin ce ta yi sabunta da yawa, sai na sauko mata da direba daga intanet. Na ce da wane intanet ɗin? Ya yi shiru, sannan ya ce in buɗe Terminal, wato baƙin allon da ake rubuta umarni, in fara da sudo. Na rubuta, ta nemi lambar sirri. Na danna, ko ɗigo bai fito ba. Na ƙara ƙarfi, shiru. Na ce shi ke nan, kiɗan ɗazu ya kashe maɓallan.

Ina cikin salati sai ga Abba, ɗan yayata da ke ajin ƙarshe na sakandare, an aiko shi da kwanon dambu. Ya leƙo.

"Kawu, ai da gangan take ɓoyewa, don kada na kusa da kai ya ƙirga haruffan. Rubuta kawai ka danna Enter."

Ya karɓi wayata, ya jona ta da laftof ta igiyar caji, ya kunna raba data ta USB. Intanet ya shigo ta ƙofar baya. Ya rubuta sudo apt update, ya bi da upgrade, rubutu ya yi ta gudu a allo, datata na bin sa a guje. Ya sake kunna na'ura, sai ga Wi-Fi har da na maƙwabta. Kafin ya tashi ya saita mini maɓallan Hausa da ke cikin manhajar tun asali, ƙ da ɗ da ɓ suka fito da ƙugiyarsu. Ladan aikinsa tsire da lemo, kuma ya ce na kanti.

Da na yi lissafin data, filashi, man janareta da tsiren Abba, na gane mutanen nan ba su yi ƙarya ba: manhajar kyauta ce, hanyar gidanta ce ake biyan kuɗin mota.

Matsalar yanzu Ummi ta baza a layinmu cewa babanta injiniya ne. Duk wanda ya kawo tasa, nakan karɓa, in juya ta, in girgiza kai, in ce aikin babba ne, ya dawo bayan magariba. Lokacin ne Abba ke tasowa daga Islamiyya.